3.3 Matsayin Yarda a Cikin Littafin In Da So Da Ƙauna

A sashen da ya gabata an yi bayanin zubi da tsarin littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991). A wannan sashe kuwa za a dubi yadda marubucin ya sarrafa batun yarda, wato amincewar da ake bukata daga ɓangarori biyu kafin wata yarjejeniya ta ƙullu. Dalilin yin haka shi ne, aure a shari'ar Musulunci ƙulli ne mai siga da waliyyi da shaidu da sadaki. Saboda haka abin da ke ɓata yarda a ciniki yana iya taɓa aure.

Domin a sami ma'auni na kusa, ana iya duban kasuwar Wudil. Mutanen Sabon Gari da sauran unguwannin garin sun san yadda ciniki yake gudana a karar shanu ranar Juma'a. Mai saye zai taya, dillali ya isar wa mai dabba. Idan tayin bai yi masa ba, sai ya ce "albarka". Ko da za a wuni ana tayi, ciniki bai faɗa ba sai mai dabba ya ce ya sallama. Dillali yana iya lallashi don ya sami la'adarsa, amma ba ya sallamawa a madadin mai kaya sai da izininsa. Wannan al'ada ta dace da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta gina halaccin ciniki a kan yardar juna. Malaman mazhabar Malikiyya sun ƙara da cewa cinikin wanda aka tilasta ba ya lizimtarsa, kuma mai saye yana da damar mayar da dabbar da aka ɓoye masa aibinta. Haka nan dokar yarjejeniya da Nijeriya ta gada daga Ingila ta lissafa abubuwa huɗu masu raunana yarda: kuskure da yaudara da tilas da kuma rinjayen wanda ake jin nauyinsa. Na huɗun nan shi ne ya fi shafar wannan littafi.

A cikin labarin, tauraruwa Sumayya 'yar masu hali ce, ta kuma ba da zuciyarta ga Muhammad, wanda ba shi da abin hannu. Da attajiri Abdulƙadir ya nemi aurenta ta ƙi shi, sai ya bi ta wajen kakarta da kyaututtuka. Ita kuma kakar ta matsa wa iyayen yarinyar lamba har aka tsayar da magana. Idan aka auna wannan da abin da ake yi a kara, za a ga cewa Sumayya ta ce "albarka" a fili, amma mai tayi ya zagaya ya sayi bakin dillali, dillali kuma ya sallama abin da ba nasa ba.

A nan ne gwanintar marubucin ta fito. A littafin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), tilas ɗin a bayyane yake, domin uba ne ya ɗauki ƙaramar yarinya, Abu, ya ba Sarkin Noma. Shi kuwa Gidan Dabino ya kawo tilas marar sanda. Makamin da aka yi amfani da shi shi ne kunya da biyayya da tsoron ɓacin ran tsohuwa, abubuwan da Bahaushe yake ɗauka a matsayin tarbiyya. Bugu da ƙari, yarda biyu aka karya, ba ɗaya ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba da izininta ba, wato ijbari, kuma malamai sun dogara ne da cewa tausayin uba zai sa ya zaɓa mata abin da ya fi. Kaka ba ta da wannan iko, ba ta ma cikin jerin waliyyai. Uban da ya ba da 'yarsa don gudun fushin wata, wadda ita ma kyauta ce ta juya ta, bai yi aiki da tausayin da aka ba shi ikon dominsa ba. Ke nan shi ma waliyyin an rinjaye shi.

Sai dai kuma akwai rauni a yadda aka warware wannan ƙulli. Abin da ya sauya akalar labarin shi ne faɗawar Sumayya rijiya. Wato abin da hujja ya kamata ta yi, sai aka bar wa rijiya ta yi shi. Alhali kuwa hujjojin suna nan. Hadisin Khansa'u bint Khidam, wanda Buhari ya ruwaito, ya nuna Annabi (SAW) ya warware auren da ubanta ya ɗaura mata ba da sonta ba, ko da yake ita bazawara ce. Haka kuma a 1985, shekara 6 kafin fitowar littafin, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta yanke hukunci a shari'ar Karimatu Yakubu da Yakubu Tafida Paiko cewa uban da ya ba 'yarsa damar zaɓe tsakanin manemanta ya sauke ikonsa na ijbari. Da marubucin ya ɗora warwarar labarin a kan irin wannan hujja, ta bakin malami ko alƙali, da jigon ya fi ƙarfi. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin 'yan mata na cikin manyan masu karanta littattafan soyayya na wancan lokaci. Yarinyar da ke cikin halin Sumayya za ta iya rufe littafin da fahimtar cewa ba a jin "a'a" ɗinta sai ta sa ranta a haɗari.

Za a iya kare marubucin da cewa ƙagaggen labari ba littafin fiƙihu ba ne, kuma tashin hankalin rijiya shi ne ya riƙe mai karatu. Wannan gaskiya ne ta fuskar salo. Amma tun da marubucin da kansa ya ɗauki aikin gyaran al'umma, ya dace a auna shi da mafitar da ya nuna.

A taƙaice, littafin ya yi nasarar bayyana cewa ana iya ƙwace yarda ta hanyar kyauta da girman tsofaffi, ba tare da duka ko barazanar makami ba. Inda ya gaza shi ne nuna hanyar da shari'a ta tanada don maido da ita. A sashe na gaba za a dubi yadda marubucin ya siffanta dukiya da masu ita.