Kada fiyano ya zama ma'aunin kowane kiɗa

Shafukan intanet da mutum ke haɗa kiɗa da hannunsa sun yawaita, kuma ina murna da su. Chrome Music Lab, wanda Google ya buɗe a 2016, ko yaro zai iya sarrafa shi: ya dangwala 'yan akwatuna a fuskar waya, amo ya tashi. Ba kuɗin situdiyo, ba sayen kayan kiɗa.

Abin da ke damuna yana cikin akwatunan nan. Galibin irin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan saitin fiyano na Turai, wanda ya raba tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa gida 12 daidai wa daida. Duk amon da ya faɗo tsakanin gida biyu, babu shi. To, mai goge ba shi da maɓalli, yatsansa ne ke zamewa a kan izga yana neman amon da kunnensa ke so. Mai kalangu kuwa matse shi yake yi a hammata, muryar ta hau ta sauka har ta kira sunan mutum. Daɗin kukumar Ahmadu Doka yana cikin wannan zamiyar. Mun riga mun ji abin da kiɗan fiyano ya yi wa waƙoƙin finafinanmu, inda goge na cikin na'ura yake fitowa a sandare.

Shi ya sa aikin Khyam Allami ya burge ni. Makaɗin molon Larabawa ne, ɗan asalin Iraƙi da ya tashi a Landan, kuma ya daɗe yana fama da na'urorin da ba su san saitin kiɗan Larabawa ba. A 2021, tare da kamfanin Counterpoint, ya fitar da Leimma da Apotome kyauta a intanet. A Leimma mutum yake yanka nasa matakan amo yadda ya ga dama, Apotome kuma ta riƙa saƙa kiɗa da su yana juya ta.

Ƙofa ta buɗe, sai dai ba wanda zai shigar mana da kayanmu. Masu situdiyo a Kano da Kaduna da Damagaram, da malaman jami'o'inmu, ku zauna da tsofaffin masu goge da garaya da gurmi tun suna raye, ku ɗauki sautinsu, ku auna saitinsu, ku sa shi inda yaranmu za su taɓa shi da yatsa.