Yunwa da Rumbun Maƙwabci: Darasi daga Bayan Kara

A watan Maris na 2024, muna cikin kwanakin azumi kafin Ista, labari ya bazu cewa jama'a sun fasa ma'ajiyar abinci ta gwamnati a unguwar Bayan Kara cikin Birnin Kebbi, sun kwashe buhunan hatsi da dare. Abin har ya shafi shagunan 'yan kasuwa. Lokacin kuwa tsadar abinci ta kai wa kowa iya wuya, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Abin takaici, wannan ya faru ne a jihar da ta yi suna wajen noman shinkafa, inda aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015.

Tun daga lokacin nake jin magana iri biyu a bakin masu bi. Wasu suna cewa, "Kayan gwamnati kayanmu ne, mai yunwa ba ɓarawo ba ne." Masu hali kuma suna cewa, "Abin da na tara gumina ne, ba wanda ya isa ya tambaye ni." Ƙaunatattu cikin Almasihu, ya kamata mu auna maganganun nan biyu da ma'aunin Littafi Mai Tsarki.

Mu fara da ta farko. Gaskiya ne Maganar Allah tana tausayin mayunwaci. Karin Magana 6:30-31 ya nuna cewa mutane ba sa rena wanda ya yi sata don ya kashe yunwa, amma in an kama shi sai ya biya har ninki bakwai. Wato an tausaya masa, duk da haka ba a sauya wa aikin suna ba. Toma Akwinas, masanin tauhidi na ƙarni na 13, ya koyar cewa wanda yake bakin mutuwa, ba shi da wata mafita, in ya ɗauki abin da zai tsirar da ransa bai yi sata ba. Ku lura da iyakar da ya sa: abin tsirar da rai kawai. Haka Maimaitawar Shari'a 23:24-25 ta yarda wa mai wucewa ya ci daga gonar maƙwabci da hannunsa, ta hana shi zuwa da jaka ko lauje.

To, idan aka fasa ma'ajiya, wa yake samu? Saurayi mai ƙarfin saɓa buhu, da mai babur, da mai kura. Gwauruwa da tsoho da gurgu, waɗanda aka ce dominsu aka tanadi abincin, suna gida hannu wayam. Ɗan kasuwar da aka kwashe wa shago kuma wataƙila da bashi ya sari kayan. Kayan kowa, in ya faɗa hannun mai ƙarfi, raunana aka ƙwace wa.

Amma kada mai dukiya ya yi saurin cewa amin. Annabawa sun fi tsananta wa mai tarawa fiye da mayunwaci. Amos 8:4-6 ya la'anci masu rage mudu, masu ƙara farashi, masu sayar da ƙaiƙayi a madadin alkama. Karin Magana 11:26 ya ce jama'a suna zagin mai ɓoye hatsi. Mun san waɗannan halaye a kasuwanninmu. Akwai mai ba manomi bashin taki da damina, ya karɓi buhuna a kaka da farashin da ya ga dama. Akwai mai bubbuga gindin kwanon awo. Akwai ma'aikacin da ake ba shi kayan tallafi ya raba, rabin ya kwana a gidansa. Bayan ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamar Argungu da kewaye, manoma da yawa sun rasa kome, bashi kuwa yana nan a wuyansu. Wanda ya yi arziki da hawayen irin waɗannan mutane, ko ya kawo zakkarsa cif a majami'a, bai ci guminsa ba.

Ba laifi ba ne mutum ya yi noma ko fatauci ya samu. Ibrahim da Ayuba da Bo'aza masu arziki ne. Sai dai Littafin Firistoci 19:9-10 ya umarci mai gona kada ya girbe ta har gefe, ya bar kala domin matalauci da baƙo. Da wannan kala Rut ta ciyar da surukarta Na'omi. Mu ma mun tashi muna ganin mata suna kala a bayan masu yankan shinkafa. Ashe a gaban Allah, akwai rabon matalauci a cikin halal ɗin mai gona. In ya hana, ya riƙe abin da ba nasa ba ne.

Laifi na uku namu ne, mu shugabannin ikkilisiya. Muna wa'azi a kan sata da murya mai ƙarfi, in muka zo kan ɓoye hatsi sai mu yi ƙasa da murya, domin mai ɓoyewar yana zaune a kujerar gaba. A lokacin yunwar da aka yi a Kafadokiya wajen shekara ta 368, Basil, wanda daga baya ya zama bishop na Kaisariya, ya tsawata wa masu rumbuna a fili, ya kuma buɗe wurin ciyar da mabukata. Ya yi duka biyun.

Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai buhun da ba naka ba a ɗakinka, ka mayar, ko ka nemi dattawan ikkilisiya su nuna maka hanyar gyara. Kai mai rumbu, ka tuna da Zakka na Yariko, wanda tubansa ya taɓa aljihunsa. Kowace ikkilisiya kuma ta ware hatsi daga baikon godiyar kaka, ta ajiye domin watannin Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suke ƙarewa, don kada wani ɗan'uwa ya kai ga zaɓi tsakanin yunwar 'ya'yansa da tsoron Allah.

Ya Ubangiji, ka ba mu abincin yau da ya ishe mu. Ka tsare hannunmu daga kayan maƙwabci, ka buɗe shi ga mabukaci, cikin sunan Yesu. Amin.