Jinjina ga Masu Tsara Bulbapedia

Bulbapedia, kundin bayanai na intanet da masoya wasan Pokémon suka kafa a 2005, yana tsaye ne a kan gumin 'yan sa-kai. Halittun wasan sun haura 1,000, kuma kowace tana da shafinta, inda ake jera lambarta da nau'inta da sunanta na Japananci da matakan rikiɗarta, wato yadda take sauya siffa idan ta ƙara ƙarfi. Aikin da ya fi cin rai, wanda mai karatu ba ya gani, shi ne haɗe shafuka masu maimaita juna da tace jita-jita kafin sabon wasa ya fito. Ba don haƙurin waɗannan 'yan sa-kai ba, da ɗan wasa ya sha wahalar laluben bayanai marasa kan gado, don haka sun cancanci jinjina.