Wuta Sama, Wuta Ƙasa: Nazari a Kan Gashin Tukunya

Wata magana ta fara yawa a bakin waɗanda suka je aka koya musu girkin zamani, wai duk gashin da ba a obin aka yi shi ba maneji ne. Wasu ma gashin talauci suke ce masa, abin da mace ke lallaɓawa da shi kafin Allah Ya hore mata kuɗin sayen obin. A Kano aka fi jin maganar, amma ta biyo mota ta iso Kazaure, har ta kai ga mace a Roni ko Gwiwa za ta kai gireba mai kyau gidan biki tana ba da haƙuri cewa a tukunya ta gasa. Haƙurin me? Masu wannan magana sun ɗauka tukunya kwaikwayon obin take yi, alhali tukunyar ce ta riga zuwa, kuma akwai aikin da take yi wanda obin ɗin gida bai iya ba.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Gurasa da tanderunta ana danganta su da Larabawan Gadamus da Tarabulus da suka zauna a Kano, waɗanda Bature matafiyi Barth ya tarar suna kasuwanci a birnin a 1851. Gireba ma ta wannan hanyar ake jin ta shigo. A arewa da mu, Buzaye sun daɗe suna binne ƙullin alkama a cikin rairayi mai zafi su rufe da garwashi, in ya gasu su kakkaɓe su ci da miya. Kek ya zo daga baya, tare da Turawa da darasin girki a makarantun 'yan mata. Kazaure, masarautar da Ɗantunku ya kafa wajen 1819, tana kan hanyar Kano zuwa Daura, Babura kuma na bakin iyakar Nijar, don haka ilimin gashi ya ratsa yankin ta kudu da ta arewa. Abin da matan yankin suka yi shi ne haɗa rairayin Buzu da ƙullin Balarabe da gwangwanin Bature a tukunya ɗaya.

Kowa ya san siffar abin: tukunya mai kaurin gindi, yashi a ƙasa, gwangwanaye ko faranti a kan yashin, murfi a sama, garwashi a kan murfin. Inda ba a cika tsayawa ba shi ne dalilin kowane ɗaya.

A fara da yashin. Wutar murhu ba ta da adalci, inda harshenta ya taɓa nan take ƙonawa, gefe kuma ya zauna da sanyi. Yashi yana shan zafin a hankali, ya rarraba shi ko'ina a gindin tukunya, ya kuma riƙe shi ko da wutar ta ja baya. Shi ya sa gwanaye ke neman yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, su wanke shi, su shanya ya bushe ƙarau, ba turɓayar tsakar gida ba wadda za ta tashi ta bi ƙullin da warin ƙasa. Shi ya sa kuma ake ɗora tukunyar da yashinta ta yi zafi tukuna kafin a jera gwangwani. Littattafan girki sukan ce a kunna obin ya kai digiri 180 kafin a sa kek. Ita kuwa goggo mai gashin tukunya ba ta da agogon zafi, tafin hannunta take kaiwa bakin tukunya, in ta ji ba za ta iya barin sa ba fiye da ɗan ƙirge kaɗan, ta san ya yi. Wasu kan yafa ɗan garin fulawa a faranti su ga yadda zai sauya launi: in ya yi ja a hankali, an dace, in ya yi baƙi nan take, a janye itace.

Amma ran gashin yana kan murfi, kuma a nan nake so a daɗe. Akasarin mutane sun ɗauka garwashin sama don ya ba kek launi ne kawai. Wannan rabin aikinsa ne. Duk ƙullin da ke gasuwa yana fitar da tururi. In murfin ya fi cikin tukunya sanyi, tururin zai taru a jikinsa ya koma ruwa, ya ɗiga a kan abin da ake gasawa. Daga nan ake samun kek mai zufa, fari fat a sama, mai danƙo a hannu, gindinsa kuma ya kusa ƙonewa don an yi ta ƙara wutar ƙasa ana jiran saman ya nuna. Garwashin sama yana sa murfin ya yi zafin da ruwa ba zai iya zama a jikinsa ba, sai iskar cikin tukunya ta bushe, saman ƙullin ya yi ɓawo. Gireba ba ta samun tsagewar nan da ake so a bayanta, riɗin da aka barbaɗa kuma ba ya ƙamshi, sai da busasshen zafi daga sama. Saboda haka masu ɗora tukunyar yashi a kan gas su rufe da murfi ba garwashi, su ce gashin tukunya suke yi, ba shi suke yi ba. Turare ne da ya ɓata hanya. Su ne ma suka jawo wa tukunya baƙin jini, domin kek ɗinsu ake nunawa a ce ga abin da rashin obin ke haifarwa.

Rabon wutar shi ne gwanintar. Ta sama takan fi ta ƙasa yawa, kusan kashi biyu a sama, ɗaya a ƙasa, domin zafi da kansa sama yake hawa, na ƙasa kuma ga yashi na tara shi. Ba a tsibe garwashin a tsakiyar murfi, a gefe-gefe ake jera shi kamar zobe, a bar ƙwaya biyu ko uku a tsaka, in ba haka ba gwangwanin tsakiya ya ƙone na gefe suna ɗanye. Lokaci-lokaci a juya tukunyar kaɗan ta dama, a juya murfin ta hagu, don kada wani ɓangare ya zauna a bakin iska shi kaɗai. A lokacin hunturu, da iskar nan ta Babura da ke zuwa ba shamaki, garwashi kan cinye da wuri, sai an kare murhun da tabarma ko an koma lungu. In wutar ta yi ƙarfi ba a kwashe ta, toka ake barbaɗa mata ta lafa. In ana son ta farfaɗo a kaɗe tokar da mafici. Wato mai gashi tana da maɓalli biyu, na sama daban na ƙasa daban, tana murɗa kowanne yadda ta ga dama a tsakiyar aiki. Ƙananan obin na gas da suka cika kasuwa wutarsu daga ƙasa take, kuma wadda ta saya ta san yadda ake fama kafin saman kek ya yi ja. Kana jin tsohuwa daga ɗaki tana cewa, "Ke 'yar nan, rage ta ƙasa, ƙara ta sama," ba tare da ta leƙa tukunyar ba, hancinta ne ya gaya mata gindin ya fara kamawa.

Buɗe murfi ma da ƙa'idarsa. Ba a buɗewa da wuri, don kek ɗin da bai kama jikinsa ba in iska ta buge shi faɗawa yake yi. In za a buɗe, a hure tokar bakin murfin tukuna, a ɗaga shi a miƙe ba a karkace ba. Murfi mai leɓe a gefe ya fi, in babu shi a kifar da murfin bayansa ya koma ciki, ko a rufe da farantin ƙarfe mai ɗan zurfi. Tsinken tsintsiya mai tsabta shi ke yanke hukunci: in ya fito ba ƙulli, a sauke.

Masu cewa gashin tukunya na sa warin hayaƙi, itace ɗanye suka hura. Garwashin da ya nuna ba ya hayaƙi. Masu cewa ba ya ɗaukar da yawa, su je gidan da ake shirin gara su ga tukunya uku a jere. Ƙorafi ɗaya ne nake ɗauka da nauyi, na gawayi. Jigawa na cikin jihohi 11 da aka sa a shirin katangar bishiyoyi don tare hamada, kuma wanda ya san arewacin jihar ba zai yi wasa da maganar sare itace ba. Sai dai tun asali gashin tukunya ba ya hura wutar kansa. Bayan an sauke tuwo ake yin sa, da garwashin da zai mutu a banza, a ƙara da totuwar masara. Wadda ta sayi buhun gawayi don kek ita ta sauya tsarin.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan wannan ra'ayi daga Amurka ya fito, ƙasar da ake ɗauko bidiyon obin ana yi mana gori da shi. Suna da wani abin zaƙi da suke ji da shi, musamman a kudancin ƙasar, wanda suke kira kobla. Ana yanka fich, wani ɗan itace mai kama da ƙaramin mangwaro mai laushin gashi a fata, a zuba da sukari a gindin mazubi, a ɗiɗɗiga ƙulli a sama da cokali, a gasa. Asalinsa Turawan da suka yi ƙaura can ne ba su da kayan girkin da suka saba da su a Ingila, sai suka koma ga tukunyar baƙin ƙarfe mai ƙafafu da murfi mai leɓe, irin wadda aka samu sauƙin ƙerawa bayan wani Bature, Abraham Darby, ya yi rajistar dabarar zubin ƙarfe a cikin yashi a 1707. Wuta sama, wuta ƙasa, da juya murfi, duk yadda goggo ke yi. Su ba su ji kunyarta ba: jihar Utah ta ayyana wannan tukunya a matsayin tukunyar jiha a 1997, Texas ta bi sahu a 2005.

Fich ba zai yi a Kazaure ba, bishiya ce mai bukatar sanyin da ba mu da shi. Amma mangwaro fa? Daga ƙarshen Maris zuwa farkon damina yana cika kasuwanni, ya yi arha, ya nuna ya wuce, a zubar da shi ƙudaje su bi. Kuma a tsarin gashi, kobla ya fi kek dacewa da tukunyarmu. Ɗan itacen da ke ƙasa ruwa ne da shi, ruwa kuma muddin bai ƙafe ba yana hana gindin tukunya wuce zafin tafasa da nisa. Wato mangwaron da kansa zai yi aikin yashi. Tururinsa na dafa cikin ƙullin daga ƙasa, garwashin murfi na gasa bayansa daga sama, a samu abu mai ɓawo a fuska, mai laushi a ciki, da romon zaƙi yana tsattsafowa ta tsakanin ƙullin. Abin lura kawai a guji mai zare, a nemi mai tsoka irin fafaranda wanda bai lugwigwice ba, a matsa lemun tsami ko a zuba ɗan ruwan tsamiya don mangwaro ya fi fich zaƙi kuma bai kai shi ɗan tsami ba, a sa citta da kanumfari a maimakon kayan ƙamshinsu. Gwaiba ma za ta yi in an cire 'ya'yan.

To me ya hana mu tun tuni? Ni dai gara nake zargi. A duba kayan zaƙinmu: alkaki, nakiya, dubulan, gireba, cincin. Dukansu an gina su ne don su daɗe, a jera su a fanteka a kai gidan miji, a rarraba wa dangin ango, su yi makonni ba su lalace ba. Alkaki ma da ake tsomawa a ruwan sukari ko zuma, tsomin nan adana shi yake yi. Ma'aunin gwaninta a wurinmu ya zama abin da zai jure tafiya da ajiya, har muka saba da cewa abin zaƙi na biki ne da salla, ana yin sa da yawa don idon jama'a. Abin da za a gasa da la'asar a cinye da ɗuminsa bayan magariba, wanda ba zai kwana ba balle a aika wa surukai, bai samu gurbi a lissafin ba. 'Ya'yan itace kuma muka bar su a ɗanyensu, in ban da irin ɗinya da ake dafawa a yi maɗi. Kek da ya shigo ma sai muka mayar da shi ɗan gara, ƙanana a gwangwanin madara, busassu, masu jure kwana.

Saboda haka masu koyar da girki a Kazaure da kewaye, in da gaske sabon abu suke son kawowa, ba sai sun jira ɗalibansu sun sayi obin ba, a garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma kuɗin gas ke hawa. Su kai aji tsakar gida a watan Afrilu, da kwandon mangwaro da mudun fulawa, su gayyato tsohuwar da ta iya rabon wuta ta riƙe ɓangaren murfi.