Masu Share Wa Shafuka Hanya a Injin Bincike

Sana'ar SEO ita ce gyara shafin intanet yadda Google ko Bing za su gane abin da ke cikinsa, su miƙa shi ga mai nema. Matashin da ya gama jami'a ya shigo wannan fage yakan fara daga ƙasa: ya koyi HTML, harshen tsara shafukan intanet, ya bi diddigin kalmomin da mutane ke rubutawa in suna neman abu, ya gyara mahaɗan da suka mutu, ya riƙa leƙa Search Console, manhajar Google mai nuna yadda shafi ke fitowa a bincike.

Aiki ne na masu haƙuri, don gyaran yau kan ɗauki watanni kafin ya nuna, kuma ba a rubuta sunan mai gyaran a ko'ina. Sauye-sauyen da Google ya yi wa injin bincikensa, wato Panda a 2011 da Penguin a 2012, sun karya kasuwar rubutun banza da sayen mahaɗai, abin da ya ɗaga darajar mai aiki tsakani da Allah. Hatta bayanin hoto da masu wannan sana'a ke rubutawa, makafi na amfana da shi ta manhajar karanta allo.

Ba don su ba, da ƙaramin ɗan kasuwa ya nutse ƙarƙashin manyan kamfanoni, mai nema bai same shi ba. Waɗannan matasa sun cancanci jinjina.