An fasa kwalba, ƙishin fa?

Tun da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, giya ta rasa mazauni a fili a Zamfara. Amma wanda ya san Sabon Garin Gusau, ko Tsafe da Bungudu, ya san riga kawai maye ya sake. Wanda bai samu burukutu ba ya koma wiwi, sholisho da tiramol. Kodin kuwa sai da gwamnatin tarayya ta hana shi a Mayun 2018.

Abin da ake yayi yanzu shi ne, da an kama yaro yana shaye-shaye sai a kai shi gidan gyaran hali. Ya yi wata uku a kulle, ya fito fes, dangi su yi barka. Washegari ya tarar da bashinsa na jiransa, hannu ba sana'a, mahaifinsa bai huce ba, majalisar da ya bari tana nan da shimfiɗarta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin a ankara ya koma ruwa.

A ganina kulle yana raba mutum da kwalba ne kawai, ramin da kwalbar ke cikewa yana nan. Mu duba yadda haramcin giya ya sauka: daki-daki a Madina, a suratul Baƙara, sai Nisa'i, sannan Ma'ida, bayan shekara 13 ana gina imani a Makka. Malamanmu ma sun sanya mayar da haƙƙin mutane cikin sharuɗɗan tuba.

Ƙungiyar masu neman barin giya ta Alcoholics Anonymous da aka kafa a Akron ta Amurka a 1935 ita ma nan ta dosa. Cikin matakanta 12, a na farko kaɗai kalmar giya ta fito. Cikin sauran akwai binciken kai, da amsa laifi, da gyara tsakaninka da wanda ka cuta.

Ba cewa nake a jira hali ya gyaru kafin a daina ba. Dainawa ce farko, kuma wanda giya ta kama jikinsa sosai, yankewa kwatsam kan jawo karkarwa da jijjiga, don haka sai da likita, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Iyaye, ranar da yaro ya dawo gida aikinku ya fara. Ku kai shi wurin koyon sana'a, ku zauna ku ji damuwarsa, ku daina kiransa mashayi.