Shawarar Mai Juna Biyu da Gwanintar Zaɓen Magani

A Jega, Aliero da Maiyama, in ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, sai a ce shawara ce, a jiƙa sassaƙe. Amma ga mai juna biyu, rawayar nan tana da sababai da yawa, kuma maganin da ya ceci wata yana iya halaka wata. A nan ake gane gwanin likitan mata.

Ba ya garajen rubuta magani. Sai ya ja fatar idonta ya duba, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama yana kallon fuskarta, ya auna hawan jini, sannan a ɗebi jini. Gwajin da ya fi ƙarfin asibitin, a tura ta Birnin Kebbi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake sarrafa magungunan sitiroyid, domin sai ya fara tantance wa yake yi wa magani, uwar ko ɗan cikin. Idan garkuwar jikin matar ce ta juya tana cin hantarta, sai ya ba ta prednisolone, don mabiyiya tana kashe ƙarfin mafi yawansa kafin ya isa ga ɗan. Idan kuwa hawan jinin ciki ne ya taɓa hanta, ya san babu abin da ke warkar da wannan sai haihuwa. Sai ya ɗauko dexamethasone, wanda yake ratsa mabiyiya, miligiram 6 duk bayan awa 12, allura huɗu, don huhun bakwainin da za a fitar ya yi ƙwari. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda aka yi har da asibitocin Najeriya, ya nuna allurar tana rage mutuwar irin waɗannan jarirai.

Akwai kuma inda yake janye hannu. Sitiroyid yana iya tayar da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yi yawa a ƙasar nan. Nau'in E, wanda ya kashe masu ciki a Diffa a 2017, shi ma ba maganinsa ba ne.

Bayan suna ma ba ya sallamarta. Ciwon hanta na garkuwa ya fi tashi a lokacin jego, kuma prednisolone ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa, ana duba sukari da hawan jini a kowane zuwa.